Tsakanin riƙe sirri da yaudarar ma'aikaci

A shekarar 2016, lokacin da dala ta yi wuyar samu, tattalin arzikin Najeriya kuma ya shiga mawuyacin hali, ina aikin akawu a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano. Kayan da muke narkawa daga waje ake shigo da su, saboda haka tsadar dala ta taɓa mu kai tsaye. Littattafan kuɗi a hannuna suke. Na san bashin banki ya yi mana katutu, na kuma san wata biyar ke nan ana cire kuɗin fansho daga albashin ma'aikata ba a tura shi asusunsu. Duk da haka, kowace Litinin manaja kan tara mu ya ce komai lafiya lau.

Wata rana bayan sallar La'asar, wani dattijon direbanmu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kai kake ganin lissafi. An samo mini aiki a wani kamfanin sufuri, amma albashin bai kai na nan ba. In tafi ko in zauna?" Na tuna gargaɗin manaja cewa maganar ofis a ofis take tsayawa, sai na ce, "Baba, ka zauna, in sha Allahu babu komai." Bayan wata uku muka wayi gari da kwaɗo a ƙofar masana'anta da takardar sallama manne a bango. Gurbin da aka nema masa kuwa tuni an bai wa wani.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: ina iyakar abin da shugaba zai ɓoye wa waɗanda ke ƙarƙashinsa? Na yarda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Cinikin da ba a ƙulla ba, dabarun da abokan hamayya za su iya amfana da su, da laifin da ake bincikar wani ma'aikaci a kansa, duk sirri ne da ya wajaba a riƙe. Manajanmu ma yana da hujjarsa: yana tsoron in magana ta fita ƙwararru su watse, masu bin bashi su rufe mu kafin a samu mafita.

Sai dai akwai bambanci tsakanin yin shiru da ba mutum tabbacin da ka san ƙarya ne. A Amurka, shugaban kamfanin makamashi na Enron, Kenneth Lay, ya ƙarfafa wa ma'aikatansa gwiwa kan hannun jarin kamfanin a watan Satumban 2001. A watan Disamba kamfanin ya durƙushe, dubbai suka rasa aiki, da yawansu har da ajiyar tsufansu da ke cikin wannan jarin.

Dokokinmu ma ba su bar ma'aikaci a duhu ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin rage ma'aikata da yawan waɗanda abin zai shafa. Dokar Fansho ta 2014 kuma ta ce a tura kuɗin fansho cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Riƙe shi a ɓoye cin amana ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ma'aunin da na tsaya a kansa shi ne: duk abin da ya shafi tuwon ma'aikaci, wanda in ya san shi zai sauya shawara kan haya, bashi ko karatun 'ya'yansa, haƙƙinsa ne ya ji shi da wuri, kuma daga bakin shugaba. Da manajanmu ya ce, "Muna cikin matsala, ga abin da muke ƙoƙarin yi, ga lokacin da za mu san matsayarmu," da wasu sun tafi, wasu kuwa sun zauna da yardar kansu.

Na haɗu da Baba bara a kasuwar Sabon Gari yana jan Keke Napep. Ya yi mini fara'a, ya tambayi iyali, bai ɗaga tsohuwar maganar ba. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, sannan ya ƙara da cewa, "Da ka ce mini ba za ka iya magana ba, da na gane."