Aikin Ido Ba Ya Komo Da Gani, Amma Yana Tsare Saura

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan gilakoma, ciwon nan da mutanenmu ke kira hawan jinin ido.

A gaskiya ba jini ke hawa ba, ruwa ne. Kullum ido yana yin wani ruwa garau a cikinsa, yana kuwa fita ta wata 'yar magudana. In ta toshe, sai ruwan ya taru ya danne jijiyar gani da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyad da ita. Jinin da zuciya ke turowa kuwa, sai ya rinjayi matsin nan kāna ya shiga. Awon lafiyayyen ido daga 10 ne zuwa 21. In ya haura, jini yakan ragu, jijiya ta yi ta mutuwa sannu a hankali, ba zafi, gani ya soma tafiya daga gefe.

A 1968 wani likita, Cairns, a Ingila, ya bayyana aikin da ake yi har yau, watau a buɗe wa ruwan sabuwar kafa ƙarƙashin fatar ido ta sama. Da matsi ya sauka, jini ya sami hanya. Likitoci sun auna, sun ga gudunsa a bayan ido yakan ƙaru. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta tashi.

Nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Yayana ya ƙi aiki domin an yi wa maƙwabcinsa, bai ga ganinsa ya ƙaru ba. Ya zaci irin aikin yana ne, wanda ake kwance ƙyalle mutum ya gani tangaran. Yau jikansa ke yi masa jagora zuwa kasuwar Tarauni, maƙwabcin kuwa yana karatunsa.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 5 suna da ciwon, galibinsu ba su sani ba. To, jama'a, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan Gyaɗi-Gyaɗi, ga na ido na ECWA a Sabon Gari tun 1943. Wanda ya kai arba'in, balle mai makaho a dangi, lalle ya je a auna shi tun yana gani. Haza wasalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.