Haƙar Kuɗin Intanet: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A wannan wata ina so mu duba wata sana'a da ta shiga bakin samarinmu tun daga Nima har Aboabo da Tamale, wato haƙar kuɗin intanet, abin da su suke kira mainin. Mu a nan Gana haƙa ba baƙuwarmu ba ce. Mun san Obuwasi, mun kuma ga abin da galamse ta yi wa kogunanmu. Sai dai ita wannan haƙar babu diga babu shebur. Abincinta wutar lantarki ne, da kuma kuɗin wanda bai zauna ya yi lissafi ba. To ni malamin lissafi ne, na haura shekara 20 ina riƙe da alli, saboda haka da lissafi zan zo muku.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Kowa ya san littafin bashi na mai kanti. To a ce akwai wani littafi guda da ake rubuta wane ya biya wane nawa, amma maimakon ya zauna a aljihun mutum ɗaya, dubban kwamfutoci a duniya kowacce tana riƙe da kwafinsa. Wannan shi ne tushen Bitcoin, wanda wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fara a watan Janairun 2009. Kusan duk bayan minti 10 ana ƙara sabon shafi a littafin. Tambaya ita ce, wa zai rubuta shafin, tunda babu shugaba?

Gasa ake yi. Kowace na'ura tana ɗaukar shafin ta liƙa masa wata lamba, ta zuba su cikin wani injin lissafi mai suna SHA-256, ta ga abin da zai fito. Idan amsar ta fara da jerin sifiri kamar yadda aka nema, ta ci. Idan ba haka ba, sai ta canza lamba ta sake. Babu wayo a ciki, babu dabara, kamar mutum ne a gaban kwaɗo mai lambobi yana ta juyawa har ya dace. Wanda ya riga kowa dacewa shi ne zai rubuta shafin, a ba shi lada da sabon Bitcoin tare da ɗan kuɗin aike na masu ciniki. Wannan cankar ita ce ake kira haƙa.

Akwai ƙa'idoji biyu da masu tallan abin ba su cika faɗa ba. Ta farko, ladan yana raguwa da rabi kusan duk shekara 4. A 2009 Bitcoin 50 ne, a 2012 ya koma 25, a 2016 ya koma 12.5, a 2020 ya koma 6.25, a watan Afrilun 2024 kuma ya sauko 3.125. Wajen 2028 za a sake rabawa, domin gaba ɗaya ba za a wuce miliyan 21 ba. Ta biyu, kusan duk mako 2 tsarin yana auna yawan masu haƙa, idan sun ƙaru sai ya tsananta cankar, don kada shafin ya riƙa fitowa da wuri. Ma'ana tuwon bai ƙaru ba, hannaye ne suka ƙaru a cikin akushi. A rana ana samun shafi kamar 144, wato Bitcoin 450 ke nan ga duniya baki ɗaya.

Da farko kwamfutar gida ma tana haƙa. Amma tun daga 2013 aka fito da na'urorin da ba su san komai ba sai wannan cankar, ana ce musu ASIC, suka kori ƙanana daga fili. Ethereum, wanda masu ƙaramin ƙarfi suka fi dogara da shi, ya daina amfani da haƙa ɗungurungum a watan Satumban 2022.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani tsohon ɗalibina, yaro mai hankali, da ya same ni yana neman shawara. Ya yi niyyar sayar da keken haya mai ƙafa uku da yake ci da shi, ya haɗa da kwasar adashin mahaifiyarsa, ya sayo na'ura ta hannu ƙirar Antminer S19 Pro. Na ce masa, “Zauna, ɗauko biro.”

Ita wannan na'ura tana yin canka tiriliyan 110 a daƙiƙa guda. Da ya ji haka sai ya yi murmushi. Na ce kada ka yi sauri, domin a 2025 ƙarfin dukan na'urorin duniya ya ninka wannan wajen sau miliyan 9. Idan kai kaɗai za ka yi, sai ka jira fiye da shekara 170 a bisa ƙiyasi kafin ka ci shafi ɗaya. Shi ya sa masu haƙa suke haɗa ƙarfi a ƙungiya su raba abin da aka samu. Rabonka a rana shi ne 450 a raba gida miliyan 9, wato 0.00005 na Bitcoin. Ko da mun ɗauki farashin dala 100,000, wanda ya fara kaiwa a Disamban 2024, dala 5 ke nan.

Sai muka juyo wajen kashewa. Na'urar tana jan wat 3,250, kamar a kunna dutsen guga 3 a bar su dare da rana. A awa 24 yunit 78 ke nan, a wata 2,340. A ce yunit ɗaya santi 10 ne na dala, kullum za ka biya dala 7.80 don ka samu dala 5. Ba a sa kuɗin na'urar ba, ba a sa kason ƙungiya ba, ba a sa gyara ba. Soket ɗin ɗakinka mai amfiya 13 ba zai ɗauke ta ba. Ƙararta ba za ta bar maƙwabci ya runtsa ba, zafinta sai ka ce gidan burodi, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Sannan a gidan haya irin namu na zango, inda ɗaki 8 suke kan mita ɗaya, wa zai yarda ya biya maka? Kuma duk wanda ya ga dumso na 2015 ya san wuta ba ta da alkawari. Yaron ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, “Malam, ashe keken ya fi ta kawo kuɗi.” Har yau yana kan kekensa, adashin uwarsa kuma ya shiga jarinta na koko.

Su wa ke cin riba ke nan? Manyan kamfanoni ne masu dubban sabbin na'urori, waɗanda suke bin wuta mai araha duk inda take. Da Sin ta hana haƙa a 2021, sai suka kwashe zuwa Amurka da Kazakistan, daga baya wasu suka sauka Habasha saboda wutar madatsun ruwanta. Kai da mitar kati ba za ka yi tsere da su ba.

Saura batun waya. Danna allo da yaranmu suka yi ta yi a Hamster Kombat a 2024 ba haƙa ba ce, maki ne kamfani yake rabawa yadda ya ga dama, kuma da aka zo biya a watan Satumba na shekarar, da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Mafi haɗari su ne masu cewa ka turo kuɗi su haƙa maka a wata ƙasa, kullum riba tabbas. Mai na'urar da ke haifar da riba tabbas me zai yi da sidi 500 ɗinka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba ina cewa a guji ilmin ba ne. Mai sha'awa yana iya sayen ƙaramar na'ura irin Bitaxe, wadda ba ta wuce wat 20 ba, ya ga yadda abin yake tafiya, ya ɗauki kuɗin a matsayin kuɗin makaranta. Yaron da ya koyi haɗa waya, da gyaran kwamfuta, da lissafin yunit, ya sami sana'ar da za ta ciyar da shi ko Bitcoin ya tashi ko ya faɗi. Amma kada a sayar da abin hannu, kada a taɓa jarin iyaye, kada a ci bashi.

Shawarata ga iyaye ita ce, idan ɗanku ya zo da wannan magana kada ku kore shi da faɗa. Ku ce ya kawo lambobi 3 a rubuce: abin da na'urar za ta ci a rana, abin da za ta kawo a rana, da watannin da za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta. Idan ya kasa, ku turo shi wurin malamin lissafin unguwarku. Mu wannan aikin kyauta muke yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.