Gida a bakin kwalta

A manyan biranen Turai, gidan da ke bakin babbar hanya kuɗinsa kan faɗi, domin mai saye yakan cire ladan ƙara da hayaƙi daga abin da zai biya. A Maradi lissafin ya juya. Idan dillali ya ce gida yana bakin kwalta, to ya gama yabonsa ke nan, sai ciniki. Kuma ba a ga laifinsa ba, don hanya ce ta raini garin. Tun bayan ambaliyar 1945, wadda ta tashi mutane daga fadamar Gulbi suka hau tudu, arzikin Maradi a kan taya yake tafiya: da fari gyaɗa, daga baya fatauci da Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Ga kuma hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Madawa, ta wuce Tasawa da Damagaram har Difa. Wanda ƙofar gidansa ke kallon irin wannan hanya, a idon jama'a kasuwa ce ta zo ta same shi har gida.

Da wannan ido wani malamin makarantar sakandare ya fara duban wani gida da aka yi masa talla, a gefen titin da manyan motoci ke bi. Shekara 17 yana haya, ya yi ƙaura sau huɗu, kowane karo da ƙarin ɗa da ƙarin kaya. Yanzu ƴaƴansa biyar, ga mahaifiyarsa da ta dawo hannunsa bayan rasuwar tsohonsa. Gidan na siminti ne, ɗaki huɗu da zaure, da famfo da lantarki, da takardu cikakku, abin da ba kowane gida ke da shi ba. A fuskarsa akwai shaguna biyu. Abin da ya tara ba zai kai ba sai ya haɗa da bashin banki da za a riƙa yanka daga albashinsa, amma hayar shagunan za ta ɗauke masa wani kaso na biyan. Asibiti ba nisa, abin hawa kuwa ko da tsakar dare ba a rasawa. Ga mai tsohuwa a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da hantsi dillali ya kai shi, kamar yadda dillalai suka saba. Uwargidansa ce ta ce a koma da dare.

"Malam, kai da safe za ka fita, sai la'asar ka dawo," in ji ta. "Ni da Inna da yara mu ne masu gidan. A bari kunnenmu ya ji tukuna."

Maganarta ta taɓa inda ciniki irin wannan ya fi rauni. Mai sa hannu a takarda shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin zama a cikin gidan. Ribar hanya, wato kuɗin haya da sauƙin zirga-zirga da darajar fili, tana shiga aljihun mai fita. Wahalarta kuwa tana sauka a tsakar gida, a kan mai girki da mai rarrafe da mai jan carbi a inuwa.

Suka je bayan sallar isha'i, suka zauna a kan tabarma. A gaban gidan akwai ɗan tudun nan da ake gittawa a kan kwalta don rage gudu. Da rana Malam ya ɗauke shi alheri ne, saboda yara. Da dare ya ga ɗaya fuskar: kowace gingimari sai ta ja birki da kuka, ta hau tudun kayanta su yi tsalle, sannan direba ya taka ta da ƙarfi, baƙin hayaƙin gazuwal ya tsallake katanga. Ƙofar ƙarfe tana rawa a cikin maƙallanta. Inna ba ta ce komai ba, sai dai ta ja mayafi ta rufe hanci.

Abin da hanci ya ƙi, likitoci sun daɗe da ba shi suna. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gazuwal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Ƙwayoyin da ke cikinsa sun fi ƙurar hunturu laushi, sukan nutsa can cikin huhu, kuma yaro, da yake numfashinsa ya fi na babba sauri, ya fi shaƙa gwargwadon jikinsa. Ɗiyar Malam ta uku tana da fuka, kowane hunturu sai an kwana zaune da ita. Game da ƙara, hukumar ta ba ƙasashen Turai shawara a 2018 cewa ta motoci kada ta wuce desibel 45 da dare, wato abin da bai kai hirar mutum biyu ba. Kunne ba shi da fatar rufewa kamar ido. Mutum yakan ce ya saba, alhali barcinsa yana yankewa bai sani ba, jininsa yana hawa.

Maganin da ake bayarwa a can, a rufe taga da gilashi mai ruɓi biyu a kunna na'urar sanyi, magani ne na wata irin rayuwa. Gidan Bahaushe rabinsa sarari ne. A nan ake daka, a nan ake shanya, a nan randa take. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa, kowa waje yake kwana. Ba a sa wa tsakar gida gilashi.

Sai maganar ƙofa. Tsakanin zaure da kwalta taku goma sha biyu ne, autansu kuwa bai cika shekara uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Kuma tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 tankoki ba su daina ratsa yankin ba. Mutanen ƙasar nan ba su manta da wadda ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayu na 2019 ba, ta kama wuta, mutum fiye da 50 suka rasu.

Dillali bai rasa amsa ba. Ya ce ai jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi, wanda aka soma aikinsa a 2021, zai kwashe kayan, titi ya yi shiru. Bai lura ba cewa da bakinsa ya rushe tallarsa, don in motoci suka tafi, masu hayar shaguna ma sun bi su. Maradi ta riga ta ɗanɗana haka sau biyu: lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Mazauna bakin hanya sun samu sauƙin barci a watannin nan, ƴan kasuwa kuwa sun wuni suna korar ƙuda. Banki dai ba ya rufe iyaka, kowane ƙarshen wata sai ya yanka.

Abu ɗaya ya sassauta wa Malam. Hayaƙin mota ba ya tafiya da nisa da ƙarfinsa. Masu aunawa sun ga yana raguwa sosai cikin mita ɗari biyu ko uku na farko, gine-ginen da ke tsakani kuma suna tare ƙara. Sai ya tambayi dillali ko akwai wani gida a baya, cikin unguwa. Akwai, amma ɗaki uku ne, ba shago, lungun rairayi ne da ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina. Kuɗinsa bai kai na farkon ba, sai dai bashin gaba ɗaya a kan albashi zai hau, shekaru da dama ana auna cefane, samarin kuma su kwana a zaure.

Ya kai maganar gaban mahaifiyarsa, yana tsammanin za ta zaɓi kusa da asibiti. Ta tambaye shi abu biyu kawai: ko ana jin kiran salla a gidan na baya, da ko adaidaita za ta iya shiga lungun in dare ya yi mata tsanani. Washegari ya auna tazarar da ƙafarsa, daga kwalta zuwa ƙofar, ya samu taku ɗari huɗu da ƴan kai. Ya ɗauki hayar wani mai adaidaita suka gwada. Sau ɗaya ta kafe a rairayi, suka sauka suka tura. Ya ce wa dillali ya nemo mai gidan ranar Asabar, a zo da takardun fili.