Ƙugiya Uku da Bawan da Ba Ya Gajiya

Duk wanda ya yi sana'ar buga rubutun Hausa ya san cewa ma'anar kalma takan rataya ne a jikin ƙugiya. Ita ta raba ƙafa da kafa, ta raba baƙi da baki, ta raba ƙasa da kasa. Madannin kwamfutar da muke saye a kasuwa kuwa domin Ingilishi aka ƙera shi: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wannan ya sa magabatanmu suka nemi dabara. Aka samar da salailan haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro, inda ake aron wani maɓalli a ɗora masa harafin Hausa. A wasu salailan q ne ke fitowa a siffar ƙ, x a siffar ɗ, v a siffar ɓ. A wasu kuma alamomin baka ake ara.

Dabarar ta yi rana, domin da ita aka buga littattafai da jaridu masu yawa. Sai dai riga ce aka sanya wa harafin, jikinsa na nan yadda yake. Da zarar fayil ya koma kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai rigar ta zame, "ƙasa ɗaya" ta koma "qasa xaya". Wanda ya nemi kalmar a intanet da haruffanta na gaskiya ba zai same ta ba.

Na daɗe ina buga rubutu a wani ɗan shago a Kano, amma ban san nauyin matsalar ba sai da iyalan wani dattijon malami suka kawo mini fayilolinsa bayan rasuwarsa. Ɗaruruwan shafuka ne na tarihin unguwarsu da salsalar gidajenta, duk a tsohon salo, suna so a fitar da su littafi. A manhajar Microsoft Word, danna Ctrl da H yakan buɗo akwatin nema da musanyawa. Haruffa uku ne, kowanne da babba da ƙarami, ke nan zagaye shida a kowane fayil, fayilolin kuma ga su nan jibge. Hannu yakan gaji, ido ya yi yaji, kuma a gajiye ake tsallake abu.

A nan makuro ya shigo rayuwata. Makuro jerin umarni ne da mutum ke naɗa sau ɗaya, kwamfuta ta riƙa maimaitawa. Za ka kunna naɗi, ka yi musanyar nan shida da hannunka, ka kashe. Manhajar za ta rubuta abin da ka yi cikin harshen VBA, wanda take amfani da shi tun fitowar Word 97. Daga nan danna Alt da F8 ya wadatar. Da na leƙa cikin rubutun umarnin, na tarar haruffanmu da lamba ake kiran su a tsarin Yunikod: ƙ ita ce 409, ɗ 599, ɓ 595. Raina ya yi fari, domin na ga ashe suna da mazauninsu na dindindin, sun daina zaman aro.

Amma makuro bawa ne mai biyayyar makanta. Idan ka ce ya mayar da kowane x da v, babi na XIV zai wayi gari ƊIƁ, sunayen baƙin garuruwa da na magunguna su lalace. Saboda haka na kafa masa iyaka: ya bambanta babban harafi da ƙarami, ya taɓa rubutun da ke cikin tsohon salon kawai, kuma a kan kwafi zai yi aiki, asalin na ajiye a gefe. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Akwai kuma inda ƙarfinsa ya ƙare. A wasu shafukan malamin bai sa ƙugiya ko ɗaya ba. Da ya rubuta "baki sun cika gari", babu umarnin musanya da zai gane baƙi yake nufi. Sai mai jin harshen ya karanta jimlar. Kwanakin da makuro ya rage mini a can na kashe su, ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ina komawa ga 'ya'yan marigayin in tambayi yadda ake furta sunan wata rijiya ko wani kakansu.

Yanzu duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina, nakan ba shi makuron kyauta tun makon farko, da sharaɗi guda: ba zai miƙa wa mai aiki takarda ba sai ya karanta ta da bakinsa daga farko har ƙarshe.