Kujerar da ke Titin Ahmadu Bello

Mu mutanen Wurno mun san abin da kujera ke yi wa gari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina garinmu ya zama ribaɗi, ya zauna cikinsa har ya rasu a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma a nan ya yi zama, har Bature Barth ya zo garin a 1853. Da sarauta ta tattara ta koma Sakkwato, sai aka bar mu da ganuwa mai zaizayewa da fadamar albasa.

Wataƙila shi ya sa bayanin wani abokin karatuna Kirista ya zauna mini, ranar da ya shigar da ni babbar majami'ar Katolika ta Holy Family a Sakkwato. Ni ɗan magini ne, idona na kan rufi da tsawon zauren, ina neman inda nauyin ginin ya sauka, yadda mahaifina ke duba bakan gizo a soron ƙasa. Shi kuwa ya nuna mini kujera guda kusa da bagadi. Ya ce sunan irin wannan majami'a daga kalmar kujera ya samo asali a harshen Latin, domin nan ne mazaunin bishop. Girman gini ba ya ba ta wannan suna.

Mutanen da suka hau kujerar ba su da yawa. Limaman Dominikan daga Amurka ne suka kafa aikin, Paparoma ya mai da Sakkwato cikakkiyar dayosis a 1964, Edward Lawton ya fara zama. Michael Dempsey ya gaje shi, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah tun 2011. Wurno da Rabah da Goronyo duk suna ƙarƙashinta, ko da yake yawancinmu ba mu sani ba.

A watan Mayun 2022, bayan kisan wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, matasa suka farfasa gilasan tagoginta. Abin ya yi mini ciwo, kuma ban ɓoye ba a majalisar ƙofar gidanmu. Titin da majami'ar take a kai sunan Sardauna yake ɗauke da shi, ɗan Rabah, jinin Bellon da muke ziyartar kabarinsa. Wani dattijo ya ce mini ba ruwanmu, ai abin Sakkwato ne. Na tambaye shi a wace tasha motar albasarsa ke sauke kaya.