Kwanan waje a ƙasar Bambai: ragaya, tabarma da gawo

Duk wanda sana'a ko aikin gwamnati ke kai shi ƙauyukan Adar ya san wahalar tafiya ba ta ƙarewa da faɗuwar rana. Ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako, mushen lakwal da anka tura sabon wuri, ma'aikacin likita mai yawon rigakafi, kowanensu dare kan riske shi a garin da babu masauki, ko kuwa akwai ɗakin amma zafi ya hana shiga. A ƙasar Bambai, kudu maso yamma da birnin Tawa, inda ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 100 warwatse cikin garuruwa da tungaye, kwanan waje al'adar kowa ce tun daga watan Maris har saukar damina.

To, da me za a kwana? Tabarmar kaba kowa ya san ta. Amma akan ga wani kaya a jakar wasu matafiya, wato ragayar kwana, wadda Faransawa ke ce ma hamak: ƙyalle ko saƙar igiya da ake ratayawa tsakanin itatuwa biyu. Uwayenmu mata sun daɗe da sanin ragaya, sai dai tasu ta rataye ƙwaryar nono ce, don kada ɓera ko kyanwa su kai gare ta. Ta kwana kuwa baƙuwa ce daga nesa. Kolombus ya iske mutanen tsibiran Karebiyan na barci cikinta a 1492, sunan ma daga bakinsu anka ɗauko shi, sa'an nan ma'aikatan jiragen ruwa sunka yaɗa ta duniya. A ƙasashen gaɓar teku irin su Dahome, zamanin mulkin mallaka, cikinta talakawa ke ɗaukar bature bisa kawunansu, har motoci sunka yawaita, anka kuma soke aikin tilas a 1946. Nan Adar doki da raƙumi ne abin hawan manya, shi ya sa ba ta zauna ba.

Amfaninta sai mutum ya dubi ƙasar da zai shimfiɗa tabarma bisanta. Bisa fako, tsakuwa ce da ta wuni tana shan rana, a watan Afrilu da Mayu da awon zafi ke wuce digiri 40, kuma tana maido zafin nan ga haƙarƙarin mai barci har tsakar dare. Bisa jigawa, ƙarangiya na jiran wando da bargo. Bazara kuma lokacin fitowar kunama ne da kububuwa. Ƙarƙashin gawo, inda inuwa ta fi daɗi, nan bisashe ke wuni suna jiran faɗowar ƴaƴansa, su bar kashi da kaska da karyayyar ƙaya. Wanda ya ɗaga jikinsa kamu biyu daga ƙasa ya huta da yawancin wannan, iska kuma na ratsa shi sama da ƙasa.

Sai dai rataye ta na son sani. Masu farawa kan ɗaure ta tamau kamar igiyar shanya, su kwanta miƙe bisa tsawonta, da asuba su tashi da ƙugu kamar sun wuni noma. Mutanen Burazil da Meziko, waɗanda da yawansu cikinta anka haife su, karkace suke kwanciya, kai ga wannan gefe, ƙafafu ga wancan, sai baya ya miƙe sarai. A nemi itatuwa masu tazarar taki biyar ko shida, a bar ƙyallen ya yi ciki kaɗan, tsayinsa kamar na kujera in an zauna. A duba reshen da ke bisa kai ko busasshe ne, a duba gindin ko hanyar tururuwa ce, don igiya gada ce gare su. Sange kuwa dole ne ya kewaye har ƙasan ragaya, saboda sauro na cizo ta cikin ƙyallen da ya manne ma fata.

Iskar nan da ke sa ta daɗi da bazara ita ke mai da ta azaba da ɗari. A Disamba da Janairu, in hunturu ya busa daga gabas maso arewa, awon sanyi da asuba kan sauko wajen digiri 15, wani dare ƙasa da haka. Mai kwana a ragaya zai lulluɓa da bargo biyu, amma bayansa ya yi ta ɗaukar sanyi, don nauyin jikinsa ya matse abin da ke ƙarƙashinsa. Sai ya shimfiɗa tabarma ko kauri-kaurin bargo ciki kafin ya kwanta. A ganinmu, a wannan lokaci gadon kara a bayan darni ya fi ta nesa ba kusa ba. Da damina kuma kada kyawun itatuwan ƙorama ya ruɗi baƙo: ruwan da anka yi bisa tudu mai nisa na iya isowa da dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka inda yake ba. Gawo ma a lokacin ya zubar da ganye, ba shi da rufin da zai ba kowa.

Babbar maganar ita ce itatuwan nan biyu. Bayan farin 1973 da na 1984 akwai wurare a Adar da mutum zai yi tafiya mai tsawo bai ga biyu kusa da juna ba. Waɗanda ake gani yau da gumi anka same su. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 anka fara dasa layukan bedi don tare iska. A Kaita, aikin da anka soma a 1984 da taimakon Italiya ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsun, mazan na wajen bida a Abijan da sauran biranen kudu. Ga kuma sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya girma cikin gona. Saboda haka icen gona na da mai shi, dokar gandun daji ta 2004 kuma na bayansa. Buga ƙusa ko sare reshe don gyara wurin kwana na iya jawo ma baƙo magana da mai gona ko da ma'aikatan gandun daji. Igiya siririya ma na yanka ɓawo, gara a naɗa tsohon rawani ko faffaɗan ɗamara.

Sauran abu guda, wanda bai da daɗin faɗi. Tun 2017 anka sa dokar ta-ɓaci a yankunan Tiliya da Tasara, arewacin jihar Tawa, kuma harin Tiliya na watan Maris 2021 ya ci rayuka 137. Mutanen ƙauye sun koyi tsoron wutar da ba su san wanda ya hura ta ba, ko da nesa da can. Matafiyi ya shiga gari tun da sauran rana, ya gaida maigari, ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Za a kawo mashi ruwa da fura, a nuna mashi inda zai kwana, sau da yawa ƙofar zaure, ko filin lakwal in akwai bedi biyu da tazararsu ta yi daidai.