Adakar Mahaifina da Haƙƙin Maraya

 Ya 'yan'uwa masu karatu, yau kaina zan tona wa asiri, ko Allah ya sa wani ya amfana.

A shekarar 2019 Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Bayan kwana uku muka buɗe wata tsohuwar adaka da ke ƙarƙashin gadonsa, muka tarar da kayan da ya zo da su daga Jami'ar Azhar ta Alƙahira, inda ya yi karatu a ƙuruciyarsa. Akwai jar dara da farin rawani irin na Azhariyawa, da katinsa na ɗalibi, da ɗan bajo na tagulla mai allura a baya, da ijazar littafin Muwaɗɗa ta Imamu Malik wadda wani shaihinsa ya rubuta masa da hannu. Sa'an nan akwai tsabar fam guda ta azurfa mai hoton masallacin, daga waɗanda gwamnatin Masar ta buga domin tunawa da cikar Azhar shekara dubu, wani abokinsa ya aiko masa da ita.

Wanda bai san Azhar ba sai ya ce tarkace ne. Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, shi ya aza harsashin masallacin a shekara ta 359 bayan Hijira, watau 970 Miladiyya, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan Ramalana na 361. Ɗaliban ƙasarmu sun daɗe suna zuwa, har a da akwai ɓangaren kwana da ake kira Ruwaƙin Barnawa. A 1961 aka yi dokar da ta ƙara mata sassan zamani kamar likitanci da injiniya, a 1983 kuma aka yi babban bikin shekara dubun.

To, da na ga kayan nan sai zuciyata ta raya mini cewa ni ne babba, ni ne kuma na bi sawunsa wajen karatun Larabci, saboda haka babu wanda ya fi ni cancanta da su. Na ɗauki bajon da tsabar da ijazar na sa aljihu, ban shawarci kowa ba.

Bayan mako biyu muka zauna lissafin gado. Na karanta wa jama'a tsarin da shari'a ta shimfiɗa: a fara da kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, abin da ya saura na magada ne. Ina cikin bayani sai gwaggona, ƙanwar marigayi, ta ce, "Malam, kuɗin azurfan nan na Yaya, a wane layi ka rubuta shi?" Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gaskiya gare ta. Duk abin da mamaci ya mallaka, ko da allura ce, ya shiga tarika tun daga lokacin da ransa ya fita. Baligi mai hankali yana iya yafe rabonsa, amma cikin magadan akwai autanmu ɗan shekara 12, maraya ke nan a shari'a, waliyyinsa kuwa ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsa. Gargaɗi mai tsanani kan cin dukiyar maraya yana cikin Suratun Nisa'i, dab da ayoyin gado, ni kuwa na sha fassara shi a wurin tafsiri. Ashe ƙaunar abin tunawa tana rufe ido kamar yadda son kuɗi yake rufewa, ta ma fi shi haɗari, domin mai ita yana zaton biyayya yake yi wa iyaye.

Washegari na mayar da kayan. Muka kai tsabar wurin maƙerin azurfa ya auna ta, muka kuma tambayi mai sayen tsofaffin kuɗi, domin farashin irin waɗannan yakan ɗara nauyin ƙarfensu, kuma wajibi ne a ƙiyasta su da abin da kasuwa za ta biya. Da yardar manyan magada na saye ta da bajon a kan farashin da ya fi yawa, kuɗin ya shiga tarika, aka fitar wa yaro rabonsa.

Ijazar kuwa muka yarda a ajiye ta a gida, mallakar kowa. Takardarta ana gadonta, amma izinin da ke cikinta na wanda ya durƙusa gaban shaihi ne shi kaɗai, ba ya sauka ga ɗa.

Saboda haka ina kira ga masu raba gado, musamman mu malamai: lambar yabo, da bajo, da alkyabba, da sandar marigayi, a rubuta su duka kafin kowa ya taɓa. Wanda kuma yake son wani ɗa ya riƙe abin tunawarsa, to ya ba shi tun yana da rai da lafiya, a gaban shaidu, ya kuma damƙa masa a hannu.

Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya tsare mu daga haƙƙin marayu, amin.